A riƙa faɗa mana abin da masananmu suka gano, ba yawan ambaton da aka yi musu kaɗai ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ɗan ba ni fili na yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana damuna. Duk shekara wajen watan Satumba ko Oktoba akwai wani jerin sunaye da yake fitowa, wanda wasu masana na jami'ar Stanford ta Amurka ƙarƙashin Farfesa John Ioannidis suke haɗawa da bayanan kamfanin Elsevier, wai kashi 2 cikin 100 na masana kimiyyar duniya da aka fi ambaton aikinsu. Da ya fito sai kaga jami'o'inmu sun fara buga hotuna ana taya murna, a WhatsApp da Facebook kowa na turawa, jaridu ma su ɗauka, ɗan jiha kaza ya shiga sahun manyan masana na duniya. Ni ma ina murna wallahi, yabon gwani ya zama dole. Amma sai na karanta labarin tun daga sama har ƙasa ban ga inda akace ga abin da mutumin nan ya gano ba, ga cutar da ya yi aiki a kanta, ga abin da ya canza a asibiti saboda aikinsa. Lamba kawai ake kawowa, takardu kaza, ambato dubu kaza, shikenan.

Na yi shekaru ina aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ɓangaren ƙwayoyin cuta, shi yasa abin yake min ciwo fiye da yadda zai yi wa wani.

Don amfanin mai karatu da bai saba da harkar jami'a ba, abin da ake nufi da ambato, ko saiteshan kamar yadda malaman jami'a ke cewa, shine idan masani ya yi bincike ya buga shi a mujallar kimiyya sai wani masanin ya zo yana rubuta nasa ya kafa hujja da na farkon, ya rubuta sunansa a ƙarshen takardarsa. Kamar dai yadda malamin zaure zai ce wane ya faɗa a littafi kaza kafin ya ba da fatawa. Wani Ba'amurke Eugene Garfield ne ya fara tsara ƙidayar wannan abu, kundinsa ya fara fitowa a 1964, yanzu kuma Google Scholar da Scopus ke yi ta kwamfuta, dukkansu a 2004 aka buɗe su. A 2005 wani masanin fiziks Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kira h, idan akace h ɗinka 20 ne to kana da takardu 20 da kowacce an ambace ta aƙalla sau 20. Abin yana da amfani, ban ce ba shi da shi ba, domin takardar da babu wanda ya taɓa komawa kanta shekara da shekaru akwai alamar tambaya a kanta. Sai dai abin da yake aunawa shine yawan masu rubutu da suka waiwaye ka, ba yawan marasa lafiyar da suka tashi ba. Wani lokaci biyun suna haɗuwa wani lokaci basa haɗuwa.

Mutumin da zan kafa misali da shi Bature ne, kuma da gangan na zaɓe shi saboda a ƙasarmu ya yi aikin, a kan 'ya'yanmu, tare da likitocinmu. Sunansa Brian Greenwood, ɗan Ingila. Ya fara zuwa Najeriya a 1965 ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, sannan a 1970 ya zo Zariya, jami'ar Ahmadu Bello, ya yi shekara goma, lokacin asibitin yana Tudun Wada tun kafin a koma Shika. Daga nan ya tafi Gambiya ya shugabanci cibiyar bincike ta MRC, wato hukumar binciken lafiya ta Birtaniya, na tsawon shekara 15, sai makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan. Takardunsa ɗaruruwa ne, yana cikin waɗanda aka fi ambato a fannin cututtukan Afirka, shine ya fara karɓar kyautar Hideyo Noguchi ta ƙasar Japan a ɓangaren bincike a 2008, a 2012 kuma Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar Sir. Toh idan ka buɗe jerin takardunsa aka jera maka su bisa yawan ambato, abin da zaka tarar a sama yawanci na zazzaɓin cizon sauro ne da manyan gwaje-gwajen allurar rigakafi na zamanin Gambiya da Landan. Takardun Zariya na sanƙarau sai ka gangaro sosai kafin ka same su. Ni kuma a ganina, a matsayina na ɗan arewa, waɗannan na ƙasan sune suka fi shafar rayuwar mutanenmu kai tsaye.

Duk wanda ya girma a arewa ya san sanƙarau ba sai an yi masa bayani ba, yaro ya kwana lafiya da safe zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya sanƙare, kafin kwana ɗaya ko biyu an yi jana'iza, wanda ya tashi kuma wani ya kurmance wani ya samu farfaɗiya wani ƙwaƙwalwa ta taɓu. Hukumar lafiya ta duniya tace cikin mutum shida da suka kamu da sanƙarau na bakteriya ɗaya yana mutuwa, cikin biyar kuma ɗaya yana tashi da naƙasa. Tun 1905 aka rubuta labarin annobarsa a Zungeru. A 1963 wani likitan sojan Faransa Lapeyssonnie ya zana yankin da cutar take addaba, wanda yanzu ake lissafa ƙasashe 26 a cikinsa daga Senegal har Habasha, mu da Nijar muna tsakiya.

Abu na farko da mutanen Zariya suka fara dashi shine yadda za a gane cutar da sauri. A da sai an ɗebi ruwan ƙashin baya an shuka shi an jira kwana ɗaya ko biyu ƙwayar ta tsiro, kuma idan mara lafiya ya riga ya sha magani ko an yi masa allura a kemis kafin ya zo, wanda haka mutanenmu suke yi har gobe, sau da yawa ba abin da zai tsiro. A 1971 Greenwood da abokin aikinsa Hilton Whittle suka buga a mujallar Lancet wata hanya ta gano ɓurɓushin jikin ƙwayar a cikin ruwan, ko da ta mutu, cikin ɗan lokaci kaɗan, daga baya a 1974 suka fito da gwajin latex wanda ɗigo kawai ake yi a kan gilashi a ga ya dunƙule ko bai dunƙule ba. Wanda ya taɓa tsayawa a gaban benci likita na jira a bakin ƙofa uwa na kuka a waje shi ya san darajar wannan. Irin wannan gwajin na latex an ci gaba da amfani da shi a lokutan annoba shekaru da dama bayan haka, kuma mai yinsa a ƙaramin asibiti ba ya rubuta takarda balle ya ambaci wani, yi kawai yake ya wuce ga na gaba.

A 1977 annoba ta faɗa wa Zariya, sama da mutum dubu aka kwantar cikin wata uku. Maganin da aka sani a lokacin allura ce ta jijiya sau da yawa a rana har tsawon kwanaki, toh ina ma'aikatan da za su yi wa mutum dubu haka, ina gadajen? Daga nan ne suka gwada allura ɗaya tak ta kuloramfenikol mai haɗe da mai, wadda take daɗewa a jiki, aka buga sakamakon a 1979, kuma sunan farko a kan wannan takarda na ɗan Kano ne, Dakta Sadiq Wali, wanda daga baya ya zama Farfesa ya shugabanci asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Gaskiya ita ce likitocin Faransa sun riga sun gwada wannan allura a yankinmu na Afirka ta yamma sun rubuta da Faransanci, kuma wannan ma wani abin lura ne, duk abin da ba a rubuta da Turanci ba ƙidayar ambato ba ta cika yi masa adalci ba, 'yan uwanmu na Nijar sun fi kowa sanin haka. Wannan allurar guda ɗaya ita ce ta zama abin dogaro a lokacin annoba shekara da shekaru, a rumfunan da ake kafawa a ƙauyuka inda ma'aikaci ɗaya ke duba mutum ɗari, har sai da wani gwaji da aka yi a Maraɗi da Damagaram a 2003, aka buga a 2005, ya nuna allurar seftiriyazon ma tana yin aikin. Ka lissafa yawan waɗanda aka yi wa waccan allura suka tashi a tsakanin waɗannan shekaru, sannan ka je ka duba yawan ambaton takardar 1979, zaka ga ba su ma yi kusa da juna ba.

Akwai kuma tambayar da kowane dattijo yake da amsarsa a kai, me yasa sanƙarau yake zuwa da zafi ya tafi da saukar ruwan sama. Binciken da suka yi a Malumfashi ya nuna ƙwayar tana zaune a maƙogwaron mutane masu lafiya tana yawo tsakaninsu har da damina, ba wai ɓacewa take ba, abin da yake canzawa shine yanayi, bushewar iska da ƙurar hunturu da zafin bazara suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro sai ƙwayar ta samu hanyar shiga jini. Sun buga wannan a Lancet a 1984. Sun kuma nuna a 1978 cewa yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kama jikinsa ba ya karɓar allurar rigakafin sanƙarau yadda ya kamata. Har ila yau a Zariya suka rubuta cewa sanƙarau na wata ƙwayar daban, wadda take kawo ciwon haƙarƙari wato nimoniya, kusan rabin waɗanda ya kama mutuwa suke ko da an ba su magani. Wannan fa duk a asibitin da wuta take ɗaukewa aka yi shi, shekara hamsin da suka wuce.

Ba shi kaɗai ba ne kuma wannan ne ma ya fi damuna. Farfesa Idris Mohammed na Gombe yana cikin waɗanda suka fito daga wannan makaranta ta Zariya, a 1981 ya buga a Lancet sakamakon rigakafin gama gari da aka yi a jihar Bauchi ta wancan lokacin, kuma shine ya jagoranci kwamitin gwamnatin tarayya lokacin babbar annobar 1996. Takardar da shi da abokan aikinsa suka buga a shekarar 2000 ita ce ta ajiye mana lissafin abin da ya faru, mutum 109,580 suka kamu, 11,717 suka rasu a Najeriya kaɗai. A shekarar 1996 ɗin ce kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 a Kano, kusan rabinsu aka ba Trovan sauran aka ba su wani maganin, 11 daga cikin 200 ɗin suka rasu, kuma Farfesa Idris yana cikin waɗanda suka ɗaga murya a kan yadda aka yi gwajin. Wannan tsayuwar babu wani ma'aunin h da yake ƙirga ta. Malam Edita ka tambayi ɗaliban likitanci goma a yau su waye waɗannan mutane, ka ga nawa za su iya faɗa maka abin da suka yi.

Yanzu kada a ce na ce ambato banza ne, a'a. A labarin sanƙarau ɗin nan ma akwai inda ya yi aikinsa. Tsohuwar allurar rigakafin da ake yi a da ba ta kama jikin ƙananan yara sosai, ba ta daɗewa, kuma ba ta kore ƙwayar daga maƙogwaro, shi yasa kullum sai annoba ta ɓarke ake biyo ta a guje. Bayan 1996, shekarar da mutum kusan 250,000 suka kamu a Afirka 25,000 suka mutu, aka kafa shirin samar da sabuwar allura a 2001 tsakanin hukumar lafiya ta duniya da ƙungiyar lafiya ta PATH ta Amurka da kuɗin gidauniyar Gates dala miliyan 70, kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa ta a kan ƙasa da rabin dala kowace ɗaya. Ita ce MenAfriVac, mai kariya daga nau'in A domin ƙwayar sanƙarau nau'i-nau'i ce, aka fara a Burkina Faso a watan Disamba 2010 tare da Mali da Nijar, mu kuma daga 2011, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Duk wanda ya tsara wannan aiki a kan tsofaffin takardu ya tsaya, na Zariya da Malumfashi da Bauchi da Yamai da Bamako, da ba a buga su ba aka ajiye inda za a same su da sai an faro daga farko. Kuma binciken da aka yi a Chadi, wanda Greenwood na cikin marubutansa aka buga a Lancet a 2014, ya nuna sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin 100 a inda aka yi allurar. Nau'in A ɗin da ya yi shekara ɗari yana kashe mu tun 2017 ba a sake tabbatar da shi a yankin ba. Wannan takarda an ambace ta sosai kuma ta cancanta, anan lamba da amfani sun haɗu.

Amma a ɗaya ɓangaren ga abin da ya faru. A 2013 wani sabon nau'in C ya ɓulla a jihar Sakkwato, a 2014 a Kebbi, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka rubuta suka buga a 2014 suna cewa ga sabon abu ya fito wanda allurar da aka yi ba ta kare mutane daga gare shi. A 2015 ya afka wa Nijar har cikin Yamai, sama da mutum dubu takwas. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya afka wa Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu, sama da mutum 14,000 ake zargin sun kamu sama da 1,100 suka rasu. Gargaɗin yana nan a rubuce tun 2014, masana sun gani sun ambata a tsakaninsu, amma bai isa teburin masu yanke shawara da masu sakin kuɗi a kan lokaci ba, bai kuma isa shafukan jaridunmu na Hausa ba. Abin da ya fi ƙona min rai a wannan annoba ta 2017, cikin duk waɗannan mutane ko kashi 10 cikin 100 ba a gwada ruwan bayansu ba, a yankin da tun 1971 aka koya wa duniya yadda ake gwajin da sauri. Ba a sakin allurar ajiya ta duniya sai an tabbatar da nau'in ƙwayar a ɗakin gwaji, toh kaga duk jinkirin gwaji jinkirin rigakafi ne.

Na yi aiki a inda za a kawo ruwan bayan yaro babu abin shuka shi, ko akwai amma injin ɗumama ba wuta janareta ba mai, sai dai ka duba a madubin ƙara girma ka rubuta abin da idonka ya gani. A irin wannan wuri ne ake cewa malami ya kawo takardu kaza kafin a yi masa ƙarin girma. Me kake tsammani zai faru? Sai a koma binciken raba takardar tambayoyi, mene ne ra'ayin ɗalibai a kan kaza, don shi ba ya buƙatar wuta, ko a yanka bincike ɗaya gida uku, ko ka sa sunana na sa sunanka, ko a biya daloli ga mujallun bogi da suke buga komai cikin sati ɗaya ba tare da wani masani ya duba ba. Ban ɗora laifin a kan matasan malamai ba, abin da aka ce su kawo shi suke kawowa. Laifin na wanda ya mayar da ƙidaya ita ce komai ne alhali bai ba da kayan aiki ba. Su kansu Turawan da suka ƙirƙiro abin tun 2012 wasunsu suka haɗu a San Francisco suka fitar da sanarwa cewa a daina auna masani da sunan mujallar da ya buga a ciki, a duba abin da aikin ya ƙunsa.

Kuma yawan ambato ba shaidar gaskiya ba ne. Didier Raoult na birnin Marseille a Faransa yana cikin masanan bakteriya da aka fi ambato a duniya, yana da aiki na gaske a baya, amma takardarsa ta 2020 da tace hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin, yana maganin korona an ambace ta sau dubbai, da yawa ma don a ƙaryata ta, daga ƙarshe mujallar ta janye ta a Disamba 2024. Kwamfuta ba ta bambance wanda ya ambace ka don ya yarda da kai da wanda ya ambace ka don yace ka yi kuskure, duk ɗaya take ƙirgawa. Takardar da aka daɗe ana cewa ta fi kowacce ambato a tarihi ma, ta Lowry ce ta 1951, sama da sau 300,000, hanyar auna furotin ce kawai a ɗakin gwaji.

Wani misalin da ya shafe mu, a 2022 Lancet ta buga wani babban bincike da yace a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin bakteriya da suka daina jin magani, kuma Afirka ta yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. An ambaci wannan takarda sau dubbai, kowa da ita yake buɗe magana. Amma su marubutan da kansu sun ce bayanan da suka samu daga ƙasashe irin namu kaɗan ne, ƙiyasi suka yi da lissafi. Wanda zai zauna a Gusau ko Azare ko Tawa yana shuka jini da fitsari kullum yana rubuta wane magani ne yake ci wane ne ya daina, shine yake samar da ainihin abin da ake buƙata, kuma takardarsa idan ya buga da ƙyar a ambace ta sau ashirin, ba zai taɓa shiga jerin kashi 2 ba. Aiki irin wanda Farfesa Stephen Obaro da abokansa suka yi a Kano da Abuja, suka yi shekaru suna shuka jinin yara masu zazzaɓi suka nuna yawan taifot na gaskiya a cikinsu, irinsa muke buƙata a kowace jiha, domin har yau da gwajin Widal ake yanke wa mutane hukuncin taifot ana ɗura musu magani, maganin kuma yana ƙara lalacewa. Ga mashaƙo da ya addabi Kano a 2023, ga amai da gudawa duk damina, duk bakteriya ne.

A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kariya daga nau'i biyar, aka fara da Jigawa da Bauchi da Yobe inda annoba ta ɓarke a lokacin. Abin farin ciki ne, kuma hukumar lafiya ta duniya tana da burin kawo ƙarshen annobar sanƙarau nan da 2030. Amma wa zai bi diddigi ya gaya mana ko allurar tana aiki a Gumel da Potiskum, wane nau'i ne ya rage a maƙogwaron yaranmu, ko wani sabo na shirin fitowa kamar yadda C ya yi? Idan ba namu ne suka yi ba sai mun jira wani ya zo daga waje ya ɗebi samfur ya tafi da shi, a buga takarda sunayen namu suna tsakiya, na farko da na ƙarshe waɗanda sune ake gani na wasu ne.

Roƙona gare ka Malam Edita, idan jerin nan ya sake fitowa kuka ga sunan ɗan arewa a ciki ku tura wakili ya same shi ya tambaye shi da Hausa, Farfesa me ka gano, a ina ka yi aikin, wa ya amfana, wace takarda ce cikin takardunka kake ganin ta fi amfani ko da ba ita aka fi ambato ba. Na tabbata da yawansu za su ji daɗin wannan tambaya fiye da hoton taya murna. Ku nemi dattawan da suka yi aikin Zariya da Malumfashi da Maiduguri waɗanda suke raye, likitoci da nas-nas da ma'aikatan ɗakin gwaji, ku ɗauki labarinsu tun suna iya bayarwa. Jami'ar Ahmadu Bello ita ma ya kamata ta tattara waɗannan takardu na shekarun 1970 wuri ɗaya a fassara taƙaitaccen bayaninsu, domin da yawansu suna mujallun da sai ka biya kuɗin waje kafin ka karanta, jikokin waɗanda aka yi binciken a kansu ba su da halin buɗewa. Hukumar TETFund da kwamitocin ƙarin girma na jami'o'i su ma su ware maki na musamman ga binciken da wata ma'aikatar lafiya ta ɗauka ta yi aiki da shi.

Sannan idan zafi ya fara shigowa daga watan Fabrairu, dan Allah wakilanku na Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Katsina da Jigawa da Yobe su je ma'aikatun lafiya su tambaya, mutum nawa ake zargin sun kamu da sanƙarau a bana, nawa aka ɗebi ruwan bayansu, a wane ɗakin gwaji aka kai, kwana nawa sakamakon ya yi kafin ya dawo, ku buga mana amsar da suka bayar.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, daga Zariya